Amyar Baba da Jan Bunsuru

Tun da na dawo daga ƙasar Gwaram ban taɓa zama a gindin tsamiyar kasuwa ba face wani ya matso ya ce, "Habu, yaya Gwaram?" Wannan ya tambayi tuwonsu, wancan ya tambayi tsayin ganuwarsu, wani kuma yana son ya ji ko gaskiya ne furarsu ta fi tamu. Har yau babu wanda ya tambaye ni abin da ya kai ni. Kuma masu tambayar nan, in ka cire mutum biyu ko uku, duk sun ci naman bunsuruna. Saboda haka na fere alƙalami zan faɗa sau ɗaya. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa Liman ya karanta masa, ni a bar ni in huta.

Kowa a Kangire ya san sana'ata. Amya nake saƙawa, wato gidan ƙudan zuma, in shafe ta da kashin shanu, in turara ta, in ɗora a itace. Daminar bana na shiga da amya ashirin da uku masu zuma a ciki. A cikinsu akwai guda ɗaya da ba na haɗa ta da sauran, wato amyar Baba, wadda ke kan babbar ɗorawar bayan gari. Mahaifinmu ne ya ɗora ta tun ina yaro, kuma bai taɓa sa mata wuta ba. Ta baya yake buɗewa ya yanki kaɗan ya rufe. Duk bazara sai ta fitar da taron zuma biyu ko uku su cika sababbin amyoyi. Duk zumar da na taɓa sayarwa jikokinta ne suka yi ta. Ranar da zai rasu bai yi mini maganar gona ba, cewa ya yi, "Kada ka bari waccan ta tashi."

Da dawa ta fara fitar da kai sai rina ta sauko mana. Ba ƙaramar nan da ke maƙalewa a ƙarƙashin ganye ba, babba ja, mai tsawon gaɓar yatsa biyu. Takan tsaya a iska daidai bakin amya, ƙudan zuma na dawowa da kaya ta cafke shi, ta cire kai, ta tafi da ƙirjin. In ta ga babu mai hana ta sai ta kutsa ciki ta kwashi 'ya'ya. Cikin wata guda amya tara suka zama kango. Na tsaya da reshe ina bugu tun hantsi har la'asar, in na kashe goma gobe ashirin su zo.

A nan ne wani bafatake ya ce mini akwai wani tsoho a Maruta ta ƙasar Gwaram, Baba Mato, wanda rina ba ta taɓa amyarsa. Na ɗauka laya ce ko wani turare. Na cika gora da zuma mafi kyau don gaisuwa, na naɗe igiyata a kafaɗa, na shirya.

Ga inda laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mu masu zuma a Kangire muna da al'ada: in masifa ta faɗa wa amyoyi, a yanka dabba, a raba wa mutane, sannan a rataya tsokoki da hanta a rassan itacen da amya take. Shi muke kira rabon itace. Liman ya sha gaya mana cewa sadaka ta mutane ce, itace ba ya cin nama. Mukan ce to, mu je mu yi. Da zan tafi na kama jan bunsuruna na kai wa yayana Jatau, na ce, "Yaya, in na kwana bakwai ban dawo ba, a yanka, a ba ɗorawar Baba rabonta."

Ya ce, "Kwana bakwai? Ai Maruta ba Makka ba ce."

Na ce, "Na dai faɗa."

Na isa Birnin Kudu kafin azahar, ina tsammanin in sha ruwa in wuce. Masu ƙofa suka yi mini dariya. A shekarun nan da Ningawa suka matsa wa ƙasar Kudu da hari ba a bin hanyar Gwaram mutum ɗaya, sai wanda ya gaji da 'yancinsa. Dole in jira ayari. Ayarin da ake da shi na masu kanwa ne, jaki goma sha wani abu, madugunsu wani dogo mai suna Tanko, wanda ba ya ɗaga ƙafa sai malaminsa ya duba masa rana. Malamin ya duba ya ce gobe ba kyau, sai jibi. Na kwana biyu a zauren wani maƙeri, ina jin guduma a kaina, ina ƙirga kwanaki.

Na ce wa madugu, "Ranka ya daɗe, ni fa da rina na baro gida."

Ya ce, "Malam, ni da Ningawa zan gamu. Wa ya fi wani gaggawa?"

Rana ta uku muka fita da sassafe.

Tafiya da masu jaki horo ce. Jaki ɗaya ya kwanta, kowa ya tsaya. Mangala ta zame, kowa ya tsaya. A wani kurmi wani ya hango ƙura ya yi ihu, muka watse cikin ƙaya, ni har da barin takalmi ɗaya. Ashe shanun Fulani ne ke gangarowa ruwa. Makiyayin ya tsaya ya dogara sanda yana kallonmu muna fitowa ɗaya bayan ɗaya, sai ya miƙo mini takalmina a kan sandarsa. Muka kwana a wani ƙauye mai shingen ƙaya ninki biyu, inda ba a hura wuta bayan magariba don kada hayaƙi ya nuna gari. Gumba muka ci da ruwa.

Rana ta huɗu muka iske kogi ya kawo. Masu fito a can ba jirgi gare su ba, manyan gora ne. Ka zuba kayanka a ciki, ka rungume, mai fito ya yi iyo yana tura ka. Wanda ya tura ni ya ji ƙamshin gorata tun muna gaɓa. Da muka kai tsakiyar ruwa, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, sai ya daina iyo ya ce, "Baƙo, me ke cikin 'yar gorar nan?"

Na ce, "Gaisuwar wani dattijo ce."

Ya ce, "Ai ni ma na kusa tsufa."

A tsakiyar kogi ba a jayayya. Da muka haye ya kawo ƙoƙo, ya kira ƙannensa biyu, gorata ta ragu da kashi ɗaya cikin uku.

Da la'asar muka iso ƙofar Gwaram. Ganuwarsu ta fi ta Birnin Kudu kauri, tunda masu tambaya suna son su sani, kuma ƙofar ƙarama ce, jaki da kaya da ƙyar yake shiga. Na lura da wannan, amma ban fahimci komai daga gare shi ba sai daga baya.

Mai zuma yana da wata ɗabi'a da ba ya sanin yana da ita: kullum idonsa a sama. Muna jiran a duba kayan ayari, sai na hangi ƙudan zuma na shiga wani rami can kusa da kan ganuwa. Na ja da baya don in gani sosai. Na zagaya gefe. Na ɗaga hannu ina auna tsayin wurin. Ban ankara ba sai na ji an riƙe ni ta baya.

Sarkin ƙofa gajere ne mai jan ido. Ya zare igiyar daga kafaɗata ya warware ta a ƙasa, ta kai gaba goma sha biyu. Ya dubi igiya, ya dubi ganuwa, ya dube ni.

"Wa ya aiko ka auna mana gari?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zuma nake kallo."

"Zuma. Da igiyar hawa."

"Da ita nake jan amya sama."

"Haka na bara ma ya ce, shi tsuntsu yake kallo."

Na waiwaya neman Madugu Tanko ya shaide ni. Madugu ya ce shi a Birnin Kudu ya tsince ni, bai san uwata ba bai san ubana ba, ya kora jakunansa ya shige. Kwana biyu muna cin gumba ƙwarya ɗaya da mutumin nan.

Aka zaunar da ni a zauren sarkin ƙofa, aka sa wani mai mashi a bakin zaure. Ba a ɗaure ni ba, ba a doke ni ba, ba a kuma saurare ni ba. Gorar zuma suka karɓa wai za a gwada ko da dafi a ciki. Mutum shida suka gwada ta, da cokali, har sau biyu. Na kwana, na wuni, na sake kwana. Duk wanda na ce wa ina da gaggawa sai ya ce, "Haƙuri, Malam, ana bincike." Ban ga mai binciken ba.

Abinci kuwa mahaifiyar sarkin ƙofa ke aiko mini, wata tsohuwa mai suna Inna Gambo. Ga amsar masu tambayar tuwo: na dawa ne kamar namu, amma miyarsu yakuwa ce zalla, tsami har ya kama maka muƙamuƙi, kuma daddawarsu ba ta kai tamu nuna ba. Furarsu ta fi tamu, wannan gaskiya ne, don nono a wurinsu kamar ruwa yake. Suna gaisuwa da Fulatanci su ƙarasa da Hausa, kuma gaisuwar ba ta ƙarewa. Mutum zai tambaye ka gida, da gajiya, da sanyi, da shanun da ba ka da su, alhali shi ne ya tsare ka.

Rana ta shida da hantsi Inna Gambo ta shigo zauren da kanta, tana dogara sanda, ta tsaya a kan ɗanta.

"Kai, wannan da ka ajiye yana cinye mini tuwo, ka ce mene ne shi?"

"Inna, ana zargin ɗan leƙen asiri ne."

"Shi kuma ya ce mene ne shi?"

"Wai mai zuma."

"To ga zuma can ta shige tsohuwar randata tun bara, ta hana ni bayan ɗaki, ta kumbura wa akuyata ido. Ka ce za ka kawo mai cirewa, har yau. A kai shi. In ya sa hannu mai zuma ne. In ya gudu ka soke shi da mashi."

Ban taɓa jin shari'a mai ma'ana irin wannan ba a ƙasar Gwaram. Na nemi busasshen kashin shanu da garwashi, na yi hayaƙi, na tuɓe riga, na ɗauki randar da zumarta a ciki na kai ta gindin wata kuka a bayan gida na kafa. Harbi huɗu na samu. Sarkin ƙofa yana leƙe daga bayan zana.

Tsohuwar ta ce, "Ka gani? Ɗan leƙen asiri ba ya rungumar zuma. Ba shi igiyarsa. Ba shi gorarsa."

Aka ba ni gora. Babu komai a ciki sai ƙamshi. Sarkin ƙofa ya ce in yi haƙuri, an tabbatar babu dafi. Kafin a gama wannan rana ta yi, aka ce hanyar Maruta ba ta biyuwa da yamma. Na sake kwana.

Rana ta bakwai da azahar na isa Maruta. Na san a ranar ake yanka bunsuruna, amma hankalina a kwance yake, har ina jin daɗi cewa ko ban samo komai ba an yi wa amyar Baba abin da ya kamata.

Baba Mato ɗan ƙaramin tsoho ne, ido ɗaya ya shanye. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gora babu komai a gabansa, na ba shi labarin inda zumar ta tafi. Ya buɗe ya shinshina.

"Zumar ɗorawa ce," in ji shi. "Da ɗan gawo. Hannunka na da kyau, amma kana cika hayaƙi. Ci abinci ka kwanta, ba na magana da mai gajiya."

Na ce, "Baba, maganin rina na zo nema."

"Ai na ji. Gobe."

Da safe ya kai ni wurin amyoyinsa. Tasu ba ta ciyawa ba ce zalla kamar tamu, suna yi mata murfin yumɓu. Rina na nan tana shawagi, ja, irin tamu sak. Amma zumarsa na aikinta kamar ba ta gani. Na duba rassa ina neman laya, ban ga ko zare ba.

Ya ce, "Me kake nema a sama? Dubi baki. Naku bakin yaya yake?"

Na dunƙule hannu na nuna masa. A Kangire bakin amya sai hannu ya shiga, muna cewa baƙo ba a ƙuntata masa ƙofa.

"Baƙo," ya ce. "To ai kun samu baƙi."

Ya sauko da wata sabuwar amya, ya kwaɓa yumɓu ya toshe bakin gaba ɗaya. Ya karyo karan gamba, irin wanda muke fere alƙalami da shi, ya huda yumɓun wuri biyar. Shi ke nan. Ƙudan zuma ya wuce da kayansa, babbar rina ba ta wucewa. Ƙaramar da ta matsa ta shiga kuwa, ɗaya-ɗaya za ta shiga, masu gadi na jiranta. Ya ce daga fitar kan dawa har sanyi ya kama haka baki zai zauna. In ɗorawa ta yi fure a fasa yumɓun, don a lokacin rina ta yi ƙasa kuma taro na son fita.

"Ka shigo ta ƙofar Gwaram?" ya tambaye ni.

"Na shigo, Baba. Da ƙyar."

"Ka ga sun yi ta da faɗi don baƙi su ji daɗi?"

Tafiyar kwana bakwai, don a nuna mini karan da ke tsiro a bayan ɗakina.

Ya ce, "Wannan rabi ne. Ƙofa tana hana ta shiga, ba ta hana ta tsayawa a waje ta kama masu dawowa. Sai ka je gidanta." Ya zaro wani ƙunshin ganye daga aljihu ya buɗe. 'Yar tsokar nama ce ɗanya, ko rabin tafin hannu ba ta kai ba. Ya tsire ta a tsinke, ya yi nisa da itatuwan amya sosai, ya kafa a fili.

Na ce, "Me ya sa ka kawo ta nan?"

"Don ba na son kashe zumata. Zauna ka gani."

Ban gama gyara zama ba rina ta sauka a kan naman. Ta biyu ta zo. Kafin a jima sun rufe shi. Tsohon ya ce babbar rina zaƙi take sha, amma 'ya'yanta nama suke ci, shi ya sa take farautar zuma. In ta sami nama a wuri, ba ta mantawa da wurin, kuma ba ita kaɗai za ta dawo ba. In naman ya ƙare sai ta juya kan abin da ke kusa. Yana magana yana ɗaura ɗan farin kaɗa, wato auduga, a siririn zare. Ya lallaɓa, ya zarga zaren a ƙugun wata da ta dukufa tana yanka, ta tashi da farin abu yana binta, ana hango ta daga nesa.

"Sai ka bi ta har gida, ka dawo da asuba lokacin da sanyi ya kama su, ka ƙone. Kai, lafiya? Me ya same ka?"

Na ce, "Baba, in aka rataya nama a kan itacen da amya take fa?"

Ya juyo da idonsa mai gani. "Wane mahaukaci ne zai yi haka?"

"Bunsuru guda. Jiya."

Bai yi dariya ba, kuma na gode masa da wannan. Ya shiga gida ya fito da ƙunshin dambu da dunƙulen fura, ya ce, "Tashi. Kada ka tsaya sallama da kowa."

Ban jira ayari ba. Ban bi ta cikin Gwaram ba, na zagaye ganuwar kaina a sunkuye. Mai fiton nan ya gan ni ya fara murmushi, na ajiye masa gorar na ce ya riƙe duka, ya dubi fuskata ya tura ni har gaɓa bai tsaya a tsakiya ba. Ningawa ban gamu da su ba, kuma a yadda nake ji a ranakun nan ban tabbata wa zai fi shan wuya ba. Duk da haka sai da hanya ta ci kwana uku, don ƙafata ta kumbura tun daga ƙayar kurmi.

Ban shiga gida ba, ɗorawa na nufa. Tun daga nesa na ji ƙarar, ba irin ta zuma ba. Yaya Jatau bai yi ƙwauron hannu ba. Tsokoki sun fi ashirin a rassa, hantar kuma ya ɗaure ta a reshen da amyar Baba take, daidai baki, don ta fi samun albarka. Naman ya zama baƙi, rina ta lulluɓe shi. Ƙasa kuwa kawunan zuma ne kamar an watsa baƙin gero. Na hau, ana harbina ban ji ba. Na buɗe bayan amyar. Saƙa na nan a yayyage, babu 'ya'ya, babu zuma ko ɗaya mai rai. Wadda ta saura ta tashi. Amyar da ta shekara fiye da ashirin ba a taɓa jin ta shiru ba.

Na sauko na iske Yaya a gindi da mutane, sun zo yi mini barka da dawowa.

"Ka ga mun cika alkawari," in ji shi. "Ranar bakwai cif. Har na ƙara da zakarana."

Laifin ba nasa ba ne, ni na ba shi bunsurun. Na yanko sauran tsoka ɗaya, na sa aka kwance ragowar aka binne. Na nemi kaɗa da zare, na je fili na yi yadda aka koya mini. Mutane suna bina suna dariya, wai Habu ya je Gwaram ya koyo yi wa rina rawani. Ta farko ta tsinke zaren. Ta biyu ta tashi da shi.

Na ɗauka daji za ta yi. Sai ta nufi gari. Ta haye shingen gidanmu, ta wuce turken awaki, ta shige ƙarƙashin jinkar rumbun Yaya Jatau. Na durƙusa na leƙa. Gidan rina ne kamar faifai uku a haɗe, wani na bin wani. Daga ƙofar ɗakina zuwa wurin taki arba'in ne. Na auna daga baya.

Na ce, "Yaya, ka san da wannan?"

"Na sani mana. Shekara biyu ke nan. Tun da suka zauna ɓarawo bai sake taɓa mini hatsi ba."

"Ka san su ke cin zumata?"

"Rinar daji ce ke cin zumarka. Waɗannan na gida ne, ba ruwansu da kowa."

Na nuna masa farin kaɗan yana reto a bakin jinka. Ya kalla, ya kau da kai, ya ce, "Rina duk kama gare su." Sannan ya ce duk wanda ya taɓa masa rumbu ba shi ba shi.

Da asuba, bayan an idar da salla, na zo da maƙwabta biyu da dogayen gwafanni. Muka ɗaga jinkar a hankali, sanyi ya sa ba su motsa ba, muka kai ta fili na cinna mata wuta. Ko ƙwayar hatsinsa ban taɓa ba. Na saƙa masa sabuwar jinka da hannuna cikin kwana biyu. Bai karɓa ba, tana nan jingine a bayan rumbun, shi kuma ya rufa da tsohuwar zana. Tun ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Amya shida na samu da rai cikin goma sha huɗun da na bari. Na toshe bakinsu da yumɓu na huda da kara, kuma ba a sake rasa ko ɗaya ba. Na zagaya gidajen masu zuma bakwai na nuna musu, kyauta. Mutum ɗaya ya yi. Sauran sun ce haka suka gaji bakin amya daga iyayensu, wani ma ya ce mai yiwuwa bunsurun ne bai kai ba, da baƙi aka yanka. Shi ne ya fi kowa tambayata yadda furar Gwaram take.

Amyar Baba na share ta, na turara, na yi mata ƙofa biyar da gindin alƙalamin nan da nake rubutu da shi, na mayar da ita reshenta. Kullum da hantsi nakan je in tsaya a gindi in saurara. Har yau shiru. Ɗorawa ba ta yi fure ba tukuna.

Wannan ita ce Gwaram. Wanda ke da sauran tambaya ya fara zuwa ya auna bakin amyarsa. In hannunsa ya shiga, kada ya zo.